Na Ga Shaidar Shanun Gidanmu a Kundin Alƙali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin na haɗa ki da girman Allah ki sakaya sunana, don akwai 'yan gidanmu a guruf ɗin nan. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle, sati biyu ke nan ko abinci sai na tura shi da ruwa.

Ni matar aure ce a unguwar Galtimari a Yerwa, 'ya'yana uku, ina koyarwa, kuma ina mastas a soshiyoloji, ɓangaren nazarin laifuka. Shekara huɗu ina jan karatun nan, da goyo na fara, yanzu yarinyar har ta shiga islamiyya. Furojet ɗina a kan satar shanu ne a Yerwa zamanin Turawa, wajejen yaƙin duniya na biyu, da yadda sunan laifi ke bin zuri'ar mutum bayan shi ya daɗe da mutuwa. Na zaɓe shi ne don mu Shuwa ne, asalinmu makiyaya, kakana na wajen uba shi ya shigo gari ya zauna a Limanti, har yau Baba da yayyena sana'ar shanu suke yi. Na ɗauka tunda cikin zancen shanu na tashi abin zai zo mini da sauƙi, ashe ni zan jawo wa kaina.

Cikin waɗanda na yi hira da su akwai wani dattijo a Umarari, ya haura tamanin. Yana jariri aka ɗaure mahaifinsa kan satar shanu, a kurkuku ya rasu, bai san ko kamanninsa ba. Ya ce har yau in an zo neman aure gidansa, da an yi bincike sai a ja da baya, wai jinin ɓarayi ne, jikarsa sau uku ana fasa aurenta. Ya rantse mini mahaifinsa kiwo kawai yake wa wani, bai taɓa sata ba. Wallahi ina tuna abin da na rubuta a littafina ranar sai kunya ta kama ni, na rubuta cewa kowane gida haka suke faɗa, dama littattafanmu sun ce iyali kan musanta. Ina jin kaina wata masaniya. Da zan tafi har bakin titi ya rako ni, na yi masa alkawari in na ga wani abu a tsofaffin takardu zan gaya masa.

Bayan wata biyu na samu hoton kundin alƙali na lokacin, da Larabci, na ci karo da shari'ar mahaifin dattijon. An sace shanun wani, aka ɗora musu sabuwar shaida da wuta a kan ta mai su, aka cusa su cikin wani garke. Mai garken ya rantse a gaban alƙali bai san komai ba, ya ce aikin makiyayinsa ne, wato mahaifin dattijon nan, shi aka ɗaure. A gefen shafin magatakarda ya zana shaidar da aka gani a jikin shanun. Jama'a shaidar gidanmu ce. Ita ce a cinyar duk saniyar da Baba ya mallaka, tun ina yarinya nake zana ta a ƙasa da tsinke.

Na kasa zama, na tafi wurin gwaggona, yayar Baba, ita ta yi jinyar kaka har ya cika. Ina nuna mata zanen sai ta fashe da kuka. Ta ce saura kwana kaɗan ya rasu ya gaya mata da bakinsa shi ya yi, ya kuma bar mata wasiyya ta nemo iyalan mutumin ta roƙa masa gafara. Tsoron ƙannenta ya hana ta, shekara kusan arba'in tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ta ce in rubuta, in kuma kai ta gidan dattijon kafin ita ma ta bi kaka.

Na rubuta, shi ne babi na huɗu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin duka. Na canza sunaye kamar yadda aka koya mana, na canza unguwa, amma don neman burge malamai sai na sa hoton zanen a ƙarshen furojet ɗin. Ban yi tunanin cewa a garin nan ɗan kasuwar shanu ya fi gane shaida a kan suna ba. Yayana na roƙa ya karɓo mini kwafi daga wurin masu ɗinkin littafi, shi da ko takardar gayyata ba ya karantawa, ranar sai ya buɗe. Bai zo gidana ba, kai tsaye wurin Baba ya wuce, suka samu mai fassara musu.

Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce bokon da ya sa ni ashe don in tono kabarin ubansa ne, mutumin da ya gina masallacin unguwa, ya aurar da marayu. Ya ce gwaggo tsufa ya taɓa ta, ya hana kowa kai ni ɗakinta. Na ce zan cire zanen, ya ce ai maganar ta riga ta fita daga hannuna, ko babin ya fita gaba ɗaya in kuma kama bakina har abada, ko kuwa bai yafe mini ba duniya da lahira, kada in zo ko jana'izarsa. Na durƙusa ina kuka ya tashi ya bar mini ɗakin. Mijina ya ce shi ba ya shiga tsakanin uba da 'ya, in yi abin da zan iya kwana da shi.

Na je wurin sufabaizana, ban faɗa masa gidanmu ne ba, na dai tambaya in an cire babin fa? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to me ya rage, bango? Difens, wato kare aikin a gaban malamai, saura kwana goma sha biyu, kuma wannan ce shekarata ta ƙarshe, ba za a ƙara mini lokaci ba.

Gaskiya digirin ma ya fara fita daga raina, zan iya haƙura da shi in ce Allah bai nufa ba. Abin da ke cin zuciyata shi ne in na yi shiru na zama ta uku, bayan kaka da gwaggo, kuma ni da ilimina zan yi, na san sarai abin da shirun yake yi wa mutanen gidan can. In kuma na yi magana, sunan da suka ɗauka shekara tamanin kanmu zai dawo, ƙannena mata biyu ba su yi aure ba, ga bakin uba a kaina. Ina son Baba wallahi, shi ya tsaya mini na yi karatu lokacin da duk dangi suka ce a'a.

Malamai da ke cikin guruf ɗin nan, biyayyar iyaye ta kai nan? Wasiyyar mamaci fa, a wuyan wa take yanzu? Jiya dattijon nan ya kira ni, ya ce, "'Yata, shiru na ji, ko takardun ba su ce komai a kan babana ba?" Na ce masa ba na ji sosai, na kashe wayar. Daga baya ya turo saƙo cewa zai sake kira bayan sallar Juma'a, kuma lafiyarsa ba ta da kyau. Don girman Allah ku gaya mini, in ya kira me zan ce masa?