Ramuka Bakwai a Bangon Barga

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Jinyar sati biyu ta kawo ni wurin Gwaggo Kyauta, yau wata goma sha ɗaya. Kaurin bangon gidan nan kamu biyu ne, tagogin kuwa ko kaina ba ya shiga. Waya ba ta kamawa sai na fita na taka turken barga. Kakanmu Garuba, da ya bar ginin gadojin jirgin ƙasa, shi ya fasa dutsen bayan gida ya gina nan, ya jingina bargar dawakinsa da tudu. Duk wanda ya zo daga cikin Minna sai ya yaba. Ba wanda ya taɓa kwana.

Alhamis, 8 ga Agusta
Takardar ɗaukata aikin koyarwa a Kaduna ta fito, biyu ga Satumba zan fara. Gwaggo ta ce Allah ya sanya alheri, ta tambaya ko na jiƙa gero. Tun bara Yaya Sadiq ya share mata ɗaki a Tudun Wada, ta ce ba ta barin gidan ubanta muddin yana tsaye. Ni kuma muddin tana nan...

Lahadi, 11 ga Agusta
Ruwa tun safe. Bangon barga ya yi ciki.

Laraba, 14 ga Agusta
Ishaku magini ya leƙo. Ya tsuguna a gindin bangon, ya ƙirga tabon siminti bakwai, ya ce, "Anti, wannan bango yana shan ruwa, ba ya fitsari. Wane ne ya toshe shi?" Ashe ramukan nan Kaka ya bar su ne don ruwan tudu ya riƙa fita. Ni ce na ga maciji a ɗaya da rani, na tada hankalin kowa har Yaya Sadiq ya sa aka liƙe su. Ishaku ya ce in ba a buɗe ba barga ba ta kai ƙarshen damina, in ta faɗi kuwa ruwa zai bi ta cikin gida, ba zai zaunu ba. Yana da aiki a unguwar Shango sai wata mai zuwa. Ya bar mini guduma da ƙarfe mai tsini.

Na tura su ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 16 ga Agusta
Da na ji tsawa sai na ji daɗi. Allah ka yafe mini.

Talata, 20 ga Agusta
Gwaggo ta ce in riƙe ta zuwa barga. Ido ya tafi, amma hannunta ya san kowane dutse. Ta nuna mini inda aka sassaƙa komin ruwan dawaki, da ƙofar da aka ɗaga don doki ya shiga da sirdi. Ta ce tana yarinya aikinta ne duk farkon damina ta zura kara cikin ramukan nan ta fitar da ƙasa. Ta sunkuya tana lalube. Siminti.

Ta daɗe a sunkuye. Ba ta tambayi wanda ya yi ba, da ma ta zage ni. Sai ta ce, "Zulaiha, ɗaure kayanki. Kira Sadiq ya zo ya ɗauke ni."

Abin da nake roƙo wata goma sha ɗaya. Na kasa cin tuwo.

Asabar, 24 ga Agusta
Ban kira shi ba, turken da santsi. Na dai buɗe ramuka uku, don kawai in ga ko gaskiya Ishaku ya faɗa. Ruwa ja ya feso har fuskata, ya yi ta zuba har la'asar. Gwaggo na zaune a ƙofa tana saurarensa. Tafin hannuna duk ya yi bororo.

Akwatina a ɗaure yake, ban kwance ba. Saura rami huɗu. Gobe in nemo kara mai tsawo.