Randar Baƙi

Litinin, 5 ga Yuni 2023
'Yata Hafsatou ta zo daga Parakou da ɗiyarta Soumaya, da iyayi cike da jaka. Ko zama ba ta yi ba ta leƙa randar zaure, ta yatsine fuska. Wai yaushe rabon da a wanke ta? Na ce randar baƙi ce, ba a kife ta. Tun kakana na saukar da fataken goro, ƙara mata ruwa ake yi, ba a bari a ga gindinta. Ranar da ta bushe albarka ta bar gida. Ta ce, "Baba, wannan ai kwata ce." Kwata! Daga bakin da na ciyar.

Laraba, 7 ga Yuni
Hafsatou ta jefa wata farar ƙwaya a bidon, jarkar ruwan shanmu ta cikin gida. Ruwa ya koma warin jabel. Abin wanke masai za ta ɗura mini? Na kurɓa na tofar. Hadjo, matar da muka tsufa tare, har da cewa ba laifi. Munafunci.

Alhamis, 8 ga Yuni
Ni da jikata kaɗai ke shan na randa. "Angona, naka ya fi sanyi." Na ce sha amarya, kar ki gaya wa uwarki. Yarinya ta fi su hankali.

Asabar, 10 ga Yuni
Amarya na zawo tun safe. Ɗanyen mangwaro ne.

Lahadi, 11 ga Yuni
Har da amai. Idanu sun faɗa. An kai ta asibitin Kolokondé kan babur, an sa mata ƙarin ruwa. Na ce amarya tashi ki tuƙa mini tuwo, ko kallona ba ta yi ba. Hafsatou ba ta ɗaga murya ba. "Baba, ta gaya mini." Shi ke nan abin da ta ce. Da ma zagina ta yi.

Litinin, 12 ga Yuni
Kowa na asibiti. Na ce bari in wanke randata daga zargi, na zura hannu har kafaɗa. Wa'iyazubillahi. Yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta kwana. Na damƙo na fito da shi: baƙin taɓo, jajayen tsutsotsi suna motsi, tukar goro, da wata tsaka da ta narke saura ƙashi. Na goge hannu da toka, na bi da sabulu, warin ya bi ni har sahun la'asar. Ga moɗar ma, mai tari ya sha ya mayar, mai majina ya sha ya mayar. Tir. Wannan na miƙa wa yarinya ina dariya.
Amma ban ce shi ne ba. Mangwaron ma ai ta ci.

Alhamis, 15 ga Yuni
An sallamo amarya, ta zama kamar tsinke. Shigowarta ke nan ta nufi randa. Tsawar da na daka mata ni kaina ta ba ni tsoro.

Juma'a, 16 ga Yuni
Sai da na girke tulu cike a ƙofa tukuna, kada a ce zauren kakana ya taɓa rasa ruwa. Kuma ban kife randar ba, kwantar da ita na yi. Na dirje, na ɗauraye, na rufe da faifai. Ludayi na ɗiba, kofi na sha. Bidon ɗaya ƙwaya ɗaya, haka na hango Hafsatou tana yi, ni ma na jefa.
Maƙwabcina Sanoussi ya sha bayan masallaci ya ce, "Tsoho, ruwanka warin asibiti yake." Na ce ga kududdufi can, ba a rufe shi ba.
Har yanzu ba daɗi. Amarya dai ta shanye kofi guda.
Gobe Hafsatou za ta koma Kpébié, unguwarsu a Parakou. Na ce wa Hadjo ta faɗa mata ta bar sauran ƙwayoyin nan, nauyi kawai za su yi mata a jaka.