Kujerar da Na Mayar Ba Gyara

Don Allah Gwaggo ki taimake ni da shawara, domin maganar nan in na ɗauko ta a gida dariya ake yi mini.

Ni kafinta ne, ko in ce na taɓa zama kafinta. Da ɗaki ɗaya na fara, da bencin aiki guda wanda na haɗa da hannuna. Ƙafarsa ɗaya gajera ce, da guntun katako nake tokare ta. A lokacin, duk kujerar da na gama sai na zauna a kanta na jijjiga, in ba ta yi ƙara ba sai in kifar da ita in zana ɗan tauraro da fensir a ƙarƙashi. Matata kan ce babu kujerar da ta bar shagona ba ta san nauyina ba. Ina komawa gida da garin katako har cikin kunne, 'yata ta bi ni tana shinshinar rigata. Wallahi ina kewar ƙanshin nan.

Allah ya buɗa. Ƙanena ya shigo muka haɗa hannu, muka koma saro kujerun kamfani, waɗanda ke zuwa a naɗe cikin leda. Yanzu aikina zaman ofis, waya a kunne, tumbi a gaba. Shekara tara rabona da zarto. Ba butulci nake yi ba, na san da wannan yara suka yi karatu.

Makon jiya wata dattijuwa ta zo da kujera a bayan motar ɗanta, ƙafa ɗaya ta saki. Ta ce ta marigayi mijinta ce, a wurina ya saya. Ina kifar da ita sai ga taurarona, ya dushe amma yana nan. Kin san abin da na yi? Ce mata na yi mun daina gyara, na shiga nuna mata sababbi. Ta yi godiya, aka mayar da kujerar mota. Tun ranar ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Ga kuma ƙanena yana so a ƙarshen wata a kwashe ɗakin baya, inda bencin yake, a mayar da shi wurin baje kaya. In ce masa me? Ko tsufa ne kawai ke damuna?

Kafintan da ya ajiye zarto

Malam kafinta, ba tsufa ba ne. Kuma ban yi dariya ba, sai a wajen tumbin.

Bari in fara da ƙanenka: bai yi laifi ba. Ɗakin da ya shekara tara a rufe, gizo-gizo kaɗai ke aiki a ciki, dole idon mai kula da kasuwa ya kai kansa. Kewa kuma tana da son kai, ta tuna maka ƙanshin katako, ta ɓoye ciwon baya da watannin da babu mai leƙowa. Kada ka rushe abin da ke riƙe da gida biyu.

Amma ka zaunar da shi tun kafin ƙarshen watan, ka ba shi labarin dattijuwar kamar yadda ka ba ni. Ina zaton bai san matsayin ɗakin a zuciyarka ba, don irinku kun fi iya hira da katako. Ka bar masa rabin ɗakin ko fiye, benci da taga ɗaya sun ishe ka. Ka ware yini guda a mako, ka miƙa masa wayar, ka yi gyara kawai. Hannun ya kwana biyu, za ka ɓata katako kafin ya dawo, kada hakan ya karya maka gwiwa.

Sai dai kafin duk wannan, nemo matar nan. Tambayi maƙwabtan shago, ba za a rasa wanda ya san ta ko ɗanta ba. Ka ba ta haƙuri ka karɓo kujerar. In ka gama, zauna a kai ka jijjiga yadda ka saba, ko da yake yanzu gwajin zai fi na da nauyi. Sannan ka kifar da ita ka bi kan tsohon tauraron da fensir.

Allah ya sa ka same ta, ya kuma yi wa hannunka albarka.