Ramin Da Ya Ci Yayana

Baba Alhusaini, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗau zafi.

Bara yayana Hamid ya ɗauko rago a moto mai ƙafa biyu daga Sabon Maci, ya faɗa wani rami kan kwalta, dab da shiga gari. Nan ya cika. Aka yi zaman gaisuwa, kowa ya ce ƙaddara, aka watse, rami na nan baki buɗe. Na yarda ƙaddara ce, amma ƙaddara ta hana a cike rami?

Ban yi nisa a lakwal ba, da kaina na ƙarasa koyon karatu. A salula na karanta cewa kwalta in ta tsufa bushewa take ta tsattsage, kuma masana na farfaɗo da ita da man tsirrai, har wanda aka gama suya da shi. Innata ƙosai take toyawa. Sai na riƙa tsinto ɓaraguzan kwalta a gefen hanya, in narka a rabin tano, wato gangar ƙarfe, in zuba baƙin man da ta gama da shi, in liƙe ramin. Da safe kamar gaske. Rana na take ya yi laushi, kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe shi a taya. Awakin da ake korawa kasuwa kuma su tsaya tsakiyar hanya suna lasa, sun ji ƙamshin ƙosai. Ƴan tasha na kirana injiniya. Su da ko tsakuwa ɗaya ba su taɓa jefawa ba!

Dariyarsu ba ta dame ni ba. Inna ce. Tun da ta gane inda man ke zuwa, haƙa ƙasa take ta tuttule shi ina kallo. In na gaishe ta, ta amsa fuskarta na wajen murhu. Ɗanta fa nake yi wa! In bari ramin ya ci wani?

Ƙanen Hamid, Dakoro

Ɗana,

Allah ya ji ƙan Hamid. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma rabinsa ka samu. Masu wannan aiki niƙa tsohuwar kwaltar suke, su tace man, su zuba ɗan kaɗan bisa awo, su gwada, sannan inji ya danne. Naka ya yi yawa, kuma kwalta mai maiƙo santsi take yi wa moto, abin da kake gudu ke nan. Ka ajiye tano. Ka cike ramin da marmara da tsakuwa, ka lallaɓa direbobi ku je wajen magajin gari tare, ka bar wani mai sanyin baki ya yi magana.

Mahaifiyarka kuwa ba rowar mai take ba. Hanyar da ta ɗauke mata ɗa, tsakiyarta kake tsayawa kullum da wuta, manyan motoci na gilmawa ta gefenka. Kai fushi kake, ita tsoro take ji, ta rasa bakin faɗa. Gobe kada ka fita. Ka zauna kusa da ita, ka fara yi mata zancen Hamid. In ta yi kuka kar ka tashi. Ina jin tun rasuwar ba ku yi kukansa tare ba.

Allah ya sanyaya muku, ya bar mata kai.

Baba Alhusaini