Ban San Kabarinka Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Nafisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da ƙyar za ka kai ƙarshenta, kai da ka tsufa a cikinmu amma Hausarka ba ta wuce tambayar inda ke ciwo da ciniki da mai raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ba. Jiya na fita takaba, kuma akwai maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Mutanenka sun zo ɗaukar ka. So suke a tone ka, a sa ka a akwati, a kai ka Filifin. Na ce a'a, har yau kuma ban canza magana ba.

Gida lafiya. Asibitinka na unguwar Hajj Yusuf yana buɗe, mun ɗauki wani likita yana duba mutane, amma tsofaffin unguwa har yanzu kai suke tambaya, Hakim ɗan Sin, wato likita ɗan Sin. Ka gaji da gaya musu kai ba mutumin Sin ba ne, ka mutu ba su yarda ba. Injin ƙanƙararka na Umdurman yana aiki, masu kifi da masu lemo ba su daina layi ba. Nafisa ta rame. Idan ta fara maganarka da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci, wai ya fi mata sauƙin kuka.

Ka tuna ranar? Ina za ka tuna. Da hantsi ka faɗi a kan kujerarka, da abin awon ƙirji a wuyanka, mara lafiya yana zaune a gabanka. Kafin azahar yayanka, wanda ke neman kujerar gwamna a lardinku, ya bugo waya. Ta bakin Nafisa muka yi magana. Bai tambayi yadda ka cika ba. Cewa ya yi tunda Allah ya sa kana da injin ƙanƙara, a kwantar da kai a ciki har su iso. Ka ji fa. A ajiye min miji a inda ake ajiye kifi. Na ce ta gaya masa mu nan ba ma barin mamaci ya kwana. Kafin la'asar an yi maka wanka, an sallace ka, maza sun ɗauke ka.

Ai ba daga kaina na ƙaga wannan ba. Kai ka ba ni labarin jana'izar mahaifinka, wanda ya riƙe garinku kamar yadda kakanka ya riƙe shi. Ka ce an shafa masa hoda an kwantar da shi a ƙarƙashin gilashi a zauren hukuma kwana da kwanaki, ana busa ana kiɗa, duk mai neman kujera yana tsayawa a gefen akwatin a ɗauke shi hoto. Ka ce tsohon bai taɓa yi wa gidanku yaƙin zaɓe irin wanda ya yi a kwance ba. Ka yi dariya, amma sai da ka zubar min da shayi a tabarma. Kai aka so ka gaji kujerar, ka tsere da takardar likita, ka yi ta tafiya har ka ƙare a unguwar da ba kowa ke da fanfo ba. Kana raye ba su samu hotonka ba. Yanzu da ba ka da bakin ƙi, ni zan miƙa musu kai?

Sun zo ina cikin takaba. Yayanka bai zo da kansa ba, wakili ya turo, wani mai kwat da murmushin da ba ya sauka, tare da ƙanwarka Lusiya. Sun nuna min hoton ɗakin marmara da ake binne 'yan gidanku, da gurbin da aka bar maka, har an sassaƙa sunanka na kafin ka musulunta. Wakilin ya ce a can ana kiranka likitan talakawan Afirka, kuma jama'ar lardi suna da haƙƙin yi maka bankwana. Na tambayi yaushe ne zaɓe. Sai ya shiga gyara wuyan rigarsa. Daga baya ya kawo maganar Nafisa, wai za su ɗauki nauyin karatunta na likita a Manila. Na ce ubanta ya bar mata abin da za ta yi karatu, ba sai an sayar da shi ba.

Wannan mutum bai ba ni wahala ba. Lusiya ce ta ba ni. Idonta naka ne. Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba wanda ya koya mata. Ta fito da hoton mahaifiyarku, ta tsufa tukuf, tana riƙe da rigarka ta makaranta. Ta ce tsohuwar ba ruwanta da zaɓe, wurin da za ta je ta zauna kusa da ɗanta kawai take so. Na yarda da ita, wallahi na yarda. Muka yi kuka har muryoyinmu suka dushe. Da na san inda kake a wannan rana, da na kama hannun Lusiya na kai ta, wakilin kuma yana biye da mu.

Abin da nake so ka sani ke nan. Ban san kabarinka ba. Mu mata ba mu bi gawa ba. Damina ce, zazzaɓi ya ɗebi mutane, sababbin kaburbura sun yi layi a gefen maƙabarta, ruwa ya zo ya mai da su iri ɗaya. Waɗanda suka raka ka sashen kawai za su iya nunawa. Yayana Haruna ne ya shiga ramin ya karɓe ka, shi ne kuma ya sa alamar da shi kaɗai ya gane. Haruna fa, wanda ya ƙi cin abincin bikinmu, ya ce wanda ya musulunta don mace zai koma don mace. Ranar sadakar uku ya zo zai kwatanta min wurin, na toshe kunnena na ce kada ya kuskura. Na san halina. Ina iya tsayawa gaban hukuma in ƙi, amma ba na iya ganin hawayen tsohuwa. Hukuma ta gaya musu ba a tone kabari da ka-ce-na-ce, sai iyali sun nuna kuma sun amince. Suka koma kan Haruna, shi kuwa ka san shi, ya ba su gahawa ya yi ta musu hirar farashin yadi a Kasuwar Umdurman har suka tashi.

Na ba Lusiya abin awonka da tabaranka ta kai wa tsohuwa. Na ce idan tana da ƙarfin tafiya ta zo, ɗakina nata ne, mu je mu tsaya tare. Na yi mata zalunci? Wataƙila. Ina kwana da wannan, kuma ba zan ce ba ya min ciwo ba. Amma mu jikokin matafiya ne. Kakana ya baro ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ajali ya tsayar da shi a nan, ba wanda ya zo ya kwashe ƙasusuwansa. Inda mutum ya yi aikinsa, aka sallace shi, nan ne garinsu. Kai ma ka faɗa, ranar da muka dawo daga gaisuwar mutuwar mai gadin asibiti, ka ce irin wannan tafiya kake so, ba ganga ba jawabi.

Jiya da safe na yi wanka na sa farin tob, lafayar matan nan, Haruna ya zo raka ni. Muna fita na ga motar wakilin a bakin layi. Ya yi lissafi daidai, ya san inda mace za ta fara zuwa ranar da ta fita takaba. Ya biyo mu a hankali har maƙabarta, ya tsaya daga nesa da abin ɗaukar hoto.

Na zo da jarkoki cike da ruwan ƙanƙararka da na sa aka narkar. Da muka kai layin sababbin kaburbura, na ga hannun Haruna ya fara ɗagawa, ban jin ya san ma ya ɗaga ba. Na kama hannun na mayar masa ƙasa. Na fara daga na farko, na yi sallama, na yayyafa ruwa, na yi addu'a, na wuce na gaba. Ban daɗe a kan wani fiye da wani ba. Ban kalli fuskar Haruna ba ko sau ɗaya, don na san za ta gaya min. Rabin mutanen nan ma marasa lafiyarka ne, waɗanda maganinka bai yi musu ba. Ina fata ba su kafa maka layi a can ba.

Ban taɓa ce maka ina sonka ba, ba mu saba ba, kai kuma kullum sai ka faɗa a gaban mutane ka ba ni kunya. To jiya na faɗa. Na faɗa a kan kowane kabari, a hankali, har na kai ƙarshen layi, ruwa ya ƙare. Baƙi da yawa sun ji abin da ba nasu ba, Allah ya yafe min. Ɗaya daga cikinsu kai ne.

Ka kwanta abinka, ba mai taɓa ka. Sai na zo, a can ba sai an nuna min kai ba.

Matarka,
Hajara, uwar Nafisa