Takalman Mon Père

Paris, 9 ga Maris 1984

Yaya Rékia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Alhaji Salifou ya kawo mini saƙon Baba a unguwar Barbès: takalman fata na Damagaram, wai in kai wa limamin cocin nan, Mon Père Garnier, a Lyon, hannu da hannu. Kin san Baba. Shekarun da ya yi yana dafa wa mutumin nan abinci a misiyo, gidan 'yan coci, bai taɓa kiransa maigida ba, sai "abokina". Yanzu kuma so yake in rubuto masa duk abin da abokin zai ce.

Ni kuwa a satin nan na tsaya gaban ɗalibai ina ta zuba, cewa gwamnatin da ta kori limaman coci daga makarantunta a nan, ita ce ta zauna cin abinci da su a ƙasarmu, zamanin mulkin mallaka. Har tafi aka yi mini. Zan je saboda Baba, amma ba zan durƙusa wa kowa ba, kuma zan faɗa wa Mon Père ɗin gaskiya a idonsa.

Ƙanenki,
Soumaïla

Lyon, 18 ga Maris 1984

Yaya Rékia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na je.

Gidan tsofaffin limamansu ne, a kan tudu. Na same shi a kujera, ya ƙanƙance. Mai jinyarsa ta ce Faransanci ya gudu daga bakinsa, wani yare yake yi da ba wanda ke ji. Yaya, Hausa ce, irin ta Damagaram tsantsa.

Na ce ni ɗan Isufu ne. Na maimaita. Sunan bai motsa masa komai ba. Ya dube ni ya ɗauka Baba ne, ya ce: "Boyi, ka yi jinkiri. Kumandan na jira a tebur."

Da ya ga takalman, sai ya miƙo ƙafa, ko kallona bai yi ba. Kin san yadda aka rene mu, tsoho ba ya miƙo ƙafa yaro na tsaye. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa. Na cire masa silifa, na sa masa su, har na ji bakina ya ce "to, Mon Père". Duk jawabin nan nawa bai fito ba.

Kunya nake ji, Yaya. Ban san ta wa ta fi ba, tawa ko ta Baba, wanda ya riƙe sunan mutumin nan har tsufa.

Kada ki karanta masa wannan. Idan ya tambayi abin da abokinsa ya ce, ki gaya masa takalman sun yi daidai. Wannan kam gaskiya ne, Baba bai manta girman ƙafarsa ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Soumaïla