Gardamar jirgi a teburin mai shayi

Laraba, bayan isha'i

Ruwa ya cinye min shinkafata a fadamar Ambursa. Da safe na je na tsaya a bakin gonar, ban ga ko kan zangarniya ɗaya ba.

Da yamma na tafi teburin mai shayi a Gwadangaji, don na ji Kabiru ya zo daga Argungu. Tun muna yara shi nake fara gaya wa damuwata. Na tarar da shi da abokinmu Sanusi suna gardama kan jirgin fim ɗin nan na sararin samaniya da muke bi.

Kabiru ya ce, "Wanga jirgi a kashi na farko gari guda ya ɗauka. Ƙaƙa za a ce yanzu ya sauka bisa rufin gida?"

Sanusi ya ce ai wani ƙarami ne ya fito daga cikinsa. Suka ɗauko waya suna auna tagar jirgin da tsawon mutum. Laka har gwiwar wandona, babu wanda ya tambaye ni daga ina nake. Sau biyu na buɗe baki, Kabiru yana ɗaga min hannu wai in dakata. Ƙarshe har ni na ce jirgin ɗaya ne, don dai a san ina wurin.

Ɗazu bayan na dawo gida Kabiru ya kira ni a waya. Na ɗauka wani ya ba shi labarin gonar, har na gyara zama. Ya ce, "Na turo maka hoton jirgin, duba da kyau ka gaya wa Sanusi gaskiya."

Na ce masa to.